Abin da tsinke ya fito da shi daga ƙoƙon pon: aikin giris a gaban katkat

Land Cruiser ce, katkat mai ja da tayoyi huɗu, samfurin HZJ79 mai buɗaɗɗen baya, irin masu jigilar kaya tsakanin Damagaram da Tanut, wani sa'in har Tesker. Da hantsi aka shigo da ita garaji don a yi mata bidanj, wato canjin man inji, a matsa mata giris a gaba, direba ya kama hanya kafin azahar. Aikin da aka ɗauka na awa guda ne, kwana biyu ya ci. Yadda muka bi shi zai yi amfani ga mai Land Cruiser 75 ko 78 ko 80, har da tsohuwar Hilux mai miƙaƙƙen pon a gaba, wato bututun ƙarfen da ke ɗauke da tayoyin biyu, domin ginin gabansu kusan iri ɗaya ne.

Famfon giris bai taɓa motar ba sai da aka wanke ƙarƙashinta, ta tsane a rana, aka bi kowane nonon giris, ɗan bakin da ake matsa giris ta cikinsa, da tsumma da gazuwal. Wanda ya manna famfo a kan nonon da rairayi ya lulluɓe, da hannunsa ya tura yashi cikin ƙarfe. Giris in ya haɗu da yashin nan namu, wasa ƙarfe yake yi kamar dutsen wasa wuƙa.

Tun tayoyi na ƙasa muka duba sitiyari, kafin a ɗaga, kafin a sa giris. Dalili kuwa, sabon giris yana cike gurbin da ƙarfe ya cinye, ya ɓoye lahanin na ƴan kwanaki. Yaro ya hau kujerar direba yana kaɗa sitiyari dama da hagu, kaɗan-kaɗan, mu kuma muna ƙasa, tafin hannu a kan kowane rotil, wato gaɓar da ke ƙarshen sandar sitiyari. Lafiyayyen rotil tare yake tafiya da sandarsa. Wanda ya gaji, za ka ji ya ɗan yi tsalle a hannunka kafin ya bi, wani har da ƙara ƙas-ƙas. Huɗun da muka taɓa, uku lafiya lau. Na huɗu, na ƙarshen sandar da ta haɗa tayoyin biyu ta hannun dama, robarsa ta tsage, cikinsa jar ƙasa ce zalla. Irin wannan ba a yi masa giris, canza shi ake yi. In rotil ya fita daga gurbinsa mota na gudu, sitiyari sai ya zama abin ado a hannun direba.

Giris iri biyu muka ajiye, kowanne da famfonsa. Na farko mai launin zuma, na litiyam, wanda aka rubuta NLGI 2, lambar kaurinsa, a jikin gwangwaninsa. Shi ne na rulma, abin da mutanen Kano ke kira boris, da na gicciyen farfela. Na biyu baƙi-baƙi ne mai ruwan toka, shi ma NLGI 2, amma an haɗa shi da sinadarin moli, kuma an yi shi ne don wurin da ƙarfe ke gogar ƙarfe da nauyi: cikin ƙoƙon pon, da kan kardan, sandar da ke juya taya, da wurin da farfela ke zamewa. Giris ɗin da ake aunawa a leda a kasuwa, babu suna babu lamba, ba ma kusantar rulma da shi. Wani da sabulun kalsiyam aka yi shi, yana da kyau a amalanke da ƙyauren gida, amma in rulma ta ɗauki zafi a kan kwalta a watan Afrilu sai ya narke ya tsiyaye. Haɗa giris iri biyu da ba a san tushensu ba ma yana iya sa su saki su zama ruwa.

Aka sa duwatsu a tayoyin baya, aka shimfiɗa katako a ƙarƙashin kirik, abin ɗaga mota, saboda ƙasar garajin rairayi ce, aka ɗaga pon, aka tokare shi da ƙafafun ƙarfe biyu. Ba a shiga ƙarƙashin motar da kirik kaɗai ke riƙe da ita.

Rotil ba ya son yawa. Matsi biyu ko uku, da ka ga robar ta ɗan kumbura sai ka tsaya. Masu matsawa har giris ya fashe ta gefe suna ganin sun yi aiki, alhali robar suka yaga, suka buɗe wa ƙura ƙofa. Wasu rotil ɗin a rufe suke zuwa daga masana'anta, ba su da nono, sai dai a duba robarsu a bar su. Ɗaya daga cikin nonon ya ƙi karɓa, giris na tsartuwa ta bakin famfo. A bakin kowane nono akwai ɗan ƙwallon ƙarfe da ke komawa ciki in an matsa, shi ne datti ya daskarar. Muka kwance shi muka sa sabo. Akwatin sitiyari ba giris yake sha ba, jan mai na ATF ne a tankinsa, sai a duba ma'auni a duba ko yana yoyo. Robobin da ke riƙe da hannuwan pon ma ba a shafa musu, giris yana lalata roba. Abin da ake mantawa shi ne ƙusoshin da ke tare taya in an karya sitiyari har ƙarshe. Ɗan lakuce a kan kowanne yana kashe kukan nan da mota ke yi in ana juya ta a lungunan Birni.

Farfelar gaba nono uku gare ta: gicciye biyu da mazamiya ɗaya. A gicciye ana matsawa har sai tsohon giris ya fito, sabo ya biyo shi ta dukkan kofuna huɗun. In uku sun fitar ɗaya ya ƙi, wannan kofin a bushe yake, kuma shi ne zai fara mutuwa. Mukan juya farfelar, mu ɗan bubbuga, mu sake gwadawa, in ya ƙi sai a kwance. Mazamiyar kuwa dokarta daban ce. Bututu ne da ke shiga cikin ɗan'uwansa don farfela ta iya tsawo ta iya gajarta in mota ta faɗa rami. In aka cika shi maƙil, giris ba ya matsuwa, sai farfelar ta zama sanda guda, duk ramin da aka faɗa duka ne a kan rulmar akwatin raba giya. Matsi uku ko huɗu, da ka ga ta fara motsi kamar za ta miƙe, an wuce gona da iri. In haka ta faru a cire nonon, a girgiza motar, rarar ta fito.

Duk wannan bai kai awa ba, kuma a nan yawancin aikin giris ke tsayawa. Babban abin yana bayan taya. A kowane ƙarshen pon akwai ƙwallon ƙarfe mai sulɓi, an kifa masa ƙoƙo wanda ke juyawa tare da taya. A cikin ƙoƙon nan kan kardan yake, wanda littafin Toyota ke kira Birfield, mai kai wa taya ƙarfi ko da a karye take. A sama da ƙasan ƙoƙon akwai ƙananan rulma biyu, a kansu nauyin gaban mota ke juyawa. Dukkansu a cikin baƙin giris suke zaune. A saman ƙoƙon akwai murfi mai kai kusurwa huɗu. Muka share gefensa, muka kwance, muka zura tsinke mai tsabta har ƙasa.

Na dama ya fito da giris baƙi, mai kauri, ya kama kusan rabin tsinken. Wannan ƙari kawai yake so. Na hagu ya fito da abu kamar miyar kuka, yana ɗiga, da warin nan na man giya mai hawa kai. Da muka haska bayan tayar sai ga ƙwallon jiƙe, rairayi ya manne masa kamar an yaɓa laka, har cikin taya ya yi feshi. Aka kwance murfin zuba mai na tsakiyar pon da kile, wato sifana, mai lamba 24. Maimakon yatsa ya taɓa mai a bakin ramin, sai da aka lanƙwasa shi ƙasa sosai, abin da ya lakuto kuma toka-toka ne mai kauri. Man pon ya gudu cikin ƙoƙo, giris ɗin ƙoƙo ya koma cikin pon.

Direban ya leƙo ya ce, "Maigida, a cika shi da giris dai haka nan, in na dawo daga Tanut sai a buɗe."

Aka nuna masa tsinken. Giris ɗin da za a zuba yau, man zai narkar da shi kafin motar ta kai matatar mai ta SORAZ da ke kan hanyar Tanut, ya bi ta bayan ƙoƙo ya zube, wani ya gangara cikin rulmar taya, wani ya kai ga faifan birki. Ya kira mai motar, aka amince a buɗe.

Tsakanin man pon da giris ɗin ƙoƙo roba ɗaya ce tak, ƴar zobe, a can cikin bututun pon, sandar kardan ta ratsa ta tsakiyarta. Tsufa na kashe ta, amma abin da ya fi kashe ta a nan shi ne hancin shaƙar iska da ke saman pon. Pon in ya yi zafi iskar cikinsa na buƙatar mafita. In laka ta toshe hancin, iskar sai ta tura mai ta wurin robar. Da damina kuma akasin haka ake samu: pon mai zafi ya faɗa ruwan kwari, ya huce farat ɗaya, ya zuƙo ruwa ta duk inda ya samu kafa. Hancin wannan motar da muka cire, ko da baki aka hura iska ba ta wucewa. Wanda ya canza roba bai buɗe hancin ba, zai sake wannan aikin kafin shekara ta zagayo.

Kwancewa tsari gare ta, kuma mun shimfiɗa kwali muna jera kowane ƙarfe yadda ya fito, na sama daban na ƙasa daban. An tsiyaye man pon. An cire taya, an kwance matsen birki an rataye shi da waya don kada nauyinsa ya ja tiyo. An juya makullin taya, mai haɗa taya da kardan ko raba su, zuwa FREE an cire murfinsa, an zare zoben ƙarfen da ke bakin sandar kardan. Jikin makullin notuna shida ke riƙe da shi, a ƙarƙashin kowane noti akwai washa mai siffar mazurari da ke maƙalewa kamar an yi mata walda. Ba a zura cizal a tsakani. Ana mayar da notin daidai bakin ƙusa, a ɗora sandar tagulla, a buga da guduma, washar sai ta yi tsalle da kanta. Bayan nan manyan notuna biyu na 54, da farantin kulle a tsakaninsu. Notin wajen duk ya sha sara, alamar wanda ya taɓa buɗewa da cizal ya ɗaure, ba shi da kilen. Daga nan cibiyar taya ta fito da faifan birkinta da rulma biyu, sai bututun da take juyawa a kai, sai kardan.

Kan kardan yana da gefe biyu da aka shafe. Sai an juya shi sun kalli sama da ƙasa yake fitowa, in ba haka ba ko an kwana ana ja ba zai bar ƙwallon ba. Na hagu dogo ne, na dama gajere, saboda tukunyar pon ta karkata ta hannun dama. Sai a kwance zobban da ke bayan ƙoƙo, na ulu da na roba da na ƙarfe, masu share ƙwallon duk lokacin da taya ta juya. A ƙarshe murfin sama da hannun sitiyari na ƙasa. A ƙarƙashinsu ake samun ƴan siraran faranti, wasu ba su fi takarda kauri ba. Su ke saita matsin ƙananan rulma, su ke kuma tsayar da ƙoƙo daidai tsakiyar pon. Muka ɗaure su da waya kowanne da murfinsa. In suka cakuɗe, kardan zai zauna a karkace ya cinye sabuwar robar cikin ƴan makonni.

Wanki ya ci yammacin ranar gaba ɗaya: gazuwal a daro, buroshi, tsumma, har sai ƙarfe ya fito fes. A nan ake ganin gaskiyar kowane abu. Zoben da ƙaramar rulmar ƙasa ke gudu a kai ya yi layi-layi, kowane ɗan gungume ya haƙa wa kansa kwari. Wannan rulma ba zagayawa take yi ba, ƴar kai-da-komo ce a wuri ɗaya, shi ya sa hanya mai gargada ke sassaƙa ta haka. Ita ce ke sa sitiyari ya riƙa maƙalewa a tsakiya, ko gaban mota ya kama rawa in an taka rami da gudu. An canza sama da ƙasa. Rulmar taya ba ta yi shuɗi ba, ba ta yi ƙuraje ba, aka mayar da ita. Kan kardan mun raba shi da sandarsa ta hanyar zura sandar cikin bututun ƙarfe a tsaye, a buga bututun a kan katako har sandar ta faɗo. Ƙwallaye shida ne a ciki da kejinsu, kejin bai tsage ba, hanyoyin ƙwallayen sun yi sheƙi amma ba su yi rami ba. Mun kuma shafa farce a inda roba ke zama a jikin sandar. Da farce ya maƙale a kwari, da sabuwar roba ma ba za ta riƙe ba.

Tun da an buɗe hagu, dama ma aka buɗe. Shekarunsu ɗaya, hanyar da suka bi ɗaya.

Washegari da sassafe muka fara haɗawa, kafin iskar hunturu ta taso da ƙura, kowane ƙarfen da aka shafa wa giris kuma a rufe yake da leda har lokacin sa shi. Sabuwar robar ciki ta shiga a miƙe, an shafa wa leɓenta giris. Ƙananan rulma aka cusa musu baƙin giris, aka mayar da ƙoƙo da farantansa, aka ɗaure notunan hannun sitiyari da kile mai awon ƙarfin ɗauri zuwa Nm 96. Kafin a sa zobban baya, kafin a haɗa rotil, muka rataya sikeli irin na mahauta a ramin hannun sitiyari muka ja. Ƙoƙon ya motsa a kilo 4, santsi, babu maƙalewa. In ya yi sako-sako ana rage faranti, in ya yi tauri a ƙara. Zoben ulu mun jiƙa shi da giris kafin ɗaurawa, busasshe ba ya tare ƙura.

Kan kardan da hannu ake cika shi, ana juya shi ana dannawa har giris ya cike bayan ƙwallaye. Wajen zura sandar ne ake yin ɓarnar da ba a gani: in aka bar nauyinta ya kwanta a kan robar, haƙoran bakinta sai su yanke leɓen. Ana tallabe ta a miƙe, a tura a hankali, a ɗan jujjuya har ta faɗa gurbinta. Sannan a cika ƙoƙo zuwa kashi uku cikin huɗu. Ba a cika shi fal, giris na buƙatar wurin da zai kauce in taya ta karya, in bai samu ba robar zai tura. Kowane gefe ya sha kusan rabin kilo, wato kwalin famfo mai giram 400 ba ya isar gefe ɗaya. A cikin bututun cibiya akwai zoben tagulla da kardan ke jingina da shi, shi ma an lakuta masa, don in ya bushe yakan yi gurnani.

Rulmar taya aka koma giris mai launin zuma. A ɗora dunƙule a tafin hannu, a riƙa danna faɗin bakin rulmar a kai har giris ya ɓullo ta ɗaya gefen, a zagaye ta duka. Shafawa a bayanta kawai kwalliya ce. Sabuwar roba a bayan cibiya, giris a ramin tsakiya ba tare da an toshe shi ba. Notin ciki an ɗaure zuwa Nm 59, an juya cibiyar sau da yawa gaba da baya don rulma ta zauna, an sake ɗaurewa, sannan an sassauta har noti ya juyu da hannu, aka ɗan matsa shi kaɗan. Sabon farantin kulle, notin waje, sai sikeli a ƙusar taya. Abin da ake nema tsakanin kilo 3 ne da 5 da rabi, namu ya tashi a 4 da ɗoriya. Ana aunawa ne bayan an ɗaure notin waje, saboda shi ma yana ƙara matsi. Aka lanƙwasa harshen faranti ɗaya ciki ɗaya waje. Rulma in ta yi tauri zafi take yi ta ƙone, in ta yi sako-sako taya na lilo, birki ya riƙa nutsewa a takun farko.

Makullin taya shafa kaɗan yake so. Wanda aka cusa wa giris da yawa, haƙoransa ba sa shiga da wuri, direba ya juya zuwa LOCK a bakin tudun rairayi ya tarar tayoyin baya kaɗai ke haƙa. Da yake maganar ta zo: motar da ke yini a kwalta tsakanin Zango da Mirya makullinta na FREE, kardan ɗinta ba ya juyawa ko kaɗan, giris ya kwanta a ƙasa, sama ya bushe. Toyota ta ce a kulle su a yi aƙalla kilomita 16 kowane wata. Ba sai an sa giyar katkat ba, kulle tayoyin kawai ya isa.

Pon ya sha sabon mai 80W-90 mai lambar GL-5, bai kai lita 3 ba ya fara dawowa ta bakin rami. An wanke hancin iskar har ya buɗe. An wanke faifan birki da abin da ba ya barin maiƙo, takalman birkin hagu kuwa da suka sha mai an zubar, an canza na gefe biyun. An sa sabon rotil, an auna tsakanin tayoyi gaba da baya don kada saitin ya goce. Kafin motar ta motsa an taka birki sau da yawa har feda ta yi tauri.

Gwaji a hanyar Mirya muka yi, zuwa da dawowa, aka tsaya aka ɗora bayan hannu a cibiyar kowace taya. Ɗumi ne, hannu na iya zama a kai, kuma gefe biyun daidai. A fili aka kulle tayoyi, aka sa katkat a kan rairayi, aka karya sitiyari har ƙarshe dama da hagu ana tafiya a hankali, ba a ji ƙas-ƙas ɗin kardan ba. Ɗan maiƙon da zai bayyana a jikin ƙwallo cikin kwanakin farko ba yoyo ba ne, zoben ulu ne ke aikinsa.

An rubuta wa direban a takarda: nonon farfela da na rotil kowane bidanj, wato kilomita 5000, kuma duk ranar da motar ta ratsa ruwan da ya kai cibiyar taya kada a jira bidanj. Tsinke a ƙoƙo shi ma kowane bidanj. Buɗe rulma da ƙoƙo, ga motar da ke bin rairayi da ruwa, mu kilomita 20000 muke ba ta. In ya dawo daga Tanut ya biyo a sake ɗora kile a kan notuna huɗun da ke ƙarƙashin kowane ƙoƙo, a kuma ɗaga taya a girgiza ta sama da ƙasa, domin sababbin rulma sukan ɗan zauna bayan tafiyar farko.